Wutar Ƙarfe Ɗaya

A Maiurno wutar lantarki ba ta da kunya,
sai barci ya yi nisa take sallama.
Ƙarfe ɗaya na dare fanka za ta yi tari,
ta waiga hagu, ta waiga dama,
unguwa ta miƙe tsaye kamar an ce gobara.

Inna ta jawo dutsen guga.
Baba ya saɓa rawani, ya nufi injin ban-ruwa a bakin Nilu.
Ƙanena Mu'awiya ya jera wayoyi biyar a soket ɗaya
kamar 'yan awaki a ƙarƙashin uwarsu.
Ni kuma na buɗe littafin kimiyya,
saura kwana goma sha tara jarrabawa.

Ba zan yi ƙarya ba, shafi biyu na karanta.
A na uku waya ta ƙifta mini ido,
Intisar ce: kin farka?
Na farka.
Daga nan har zakaran gidan Hajja Batulu ya yi cara
ba mu faɗi abin da za a iya tunawa ba.

Da safe shayi da madara bai kai inda ciwon yake ba.
Na sa farin mayafi a bai-bai, sai a hanya aka gaya mini.
Ustaza Ihsan tana rubutu a allo,
haruffan suna iyo kamar ƙananan kifaye,
in na kai hannu su watse.
Ta kira sunana sau biyu.
Tambayar kuwa na san ta,
wallahi na san ta ƙarfe biyu na dare,
na ja mata layi da jan biro,
amma da na leƙa cikin kaina
sai na tarar da ɗaki an share, an kwashe kaya,
ba kowa sai ƙarar fanka.

Mu bakwai ne muka kifa goshi a benci ran nan.
Ba ta ɗauki bulala ba.
Ta dube mu kawai, ta ce,
wanda ya ci bashin dare, da rana ake zuwa karɓa.

Da la'asar na iske kakata tana dama ƙullun kisra.
Ta rufe shi da faifai, ta tura ƙarƙashin gado.
Na ce, ba yanzu za ki toya ba?
Ta ce, ke, ƙullun da bai kwana ba
in kin zuba a tanda yagewa yake yi.
Ba wuta ke gyara shi ba, kwanciya ce.
Sai ta ɗora tafin hannunta mai gari a kaina,
ta ce, wannan ma ƙullu ne,
kullum kina zubawa, ba kya barinsa ya kwana.

Yanzu a gindin dogon yaro nake karatu,
daga la'asar har ido ya kasa raba baƙi da fari.
Bayan isha'i na miƙa mata wayar,
ta jefa a gwangwanin da take ajiye kanumfari.
Shi ya sa saƙonnina suke ƙamshi da safe.

Intisar ta yi kwana uku ba ta gaishe ni ba.
Ran Alhamis na karya alkawari, na sato gwangwanin,
ran Asabar na biya da ciwon kai.

Amma jiya fanka ta yi tarinta,
na ji Inna tana neman dutsen guga,
na ji takalman Baba suna nisa,
na juya wa hasken baya.
Dare mahutar bawa.

Yau Ustaza ta kira sunana sau ɗaya.
Na leƙa ɗakin nan.
Ba duka kayan suka dawo ba,
amma abin da na ajiye jiya yana nan inda na bar shi,
har ya ɗan kumbura.